Fenti Rawaya a Jikin Ta Kusurwa

Daga gandun turare

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya, sai ƙafar Inna da ke kumbura in ta daɗe a tsaye. Ita ta ce in fara tuna miki ko ni wane ne, kada ki ɗauka mai neman aiki ne. Ni ne ɗan marigayi Mai Reno. Kakarki da kakana uwa ɗaya uba ɗaya. Sau ɗaya kika gan ni, da kuka zo ta'aziyyar Baba. Ni ne na dinga kawo muku kujeru ɗaya bayan ɗaya har kika ce, "Wannan ai Sannu-Sannu ya kamata a kira shi." To ki sani sunan ya bi ni har wurin aiki.

Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Na gaji Baba a rumfar renon tsiro ta wannan gandu. Bishiyar turare iri biyu aka taɓa shukawa a nan. Ɗaya muna ce mata Santsi, jikinta fari sumul, ganyenta siriri. Ɗaya muna ce mata Kaushi, ɓawonta baƙi mai kauri, ganyenta mai faɗi. An sare Kaushi duka tun ina yaro, aka bar fili guda na Santsi zalla, shi ne filin iri. Daga nan ake ɗiban irin da ake kai wa wasu gandaye. Masu duba iri kan zo sau ɗaya a shekara, kuma dokarsu ita ce kada wata turare da ba Santsi ba ta yi fure kusa da filin, don ƙudan zuma ba su san layi ba.

A kusurwar filin, inda layin Santsi ya taɓa haɗuwa da na Kaushi, akwai wata bishiya da ba wanda ya shuka. Da kanta ta fito. Daga ƙasa har ta wuce kaina Kaushi ce, daga nan zuwa sama Santsi ce. Shekaru biyun da aka yi fari a jere, filin nan duk ya zubar da ganye, ita kaɗai ta tsaya kore. Gara ta ci na gefenta uku, ita ko ta taɓa ta sai ta sauka. Baba shekara ashirin yana kewaye ta da gatari bai sare ta ba, tsohon manaja kuma bai taɓa taka ƙafa kusurwar ba. Muna ce mata Ta Kusurwa.

Yanzu an kawo sabon Manaja mai zagaye da gwangwanin fenti. Fari, a bari. Ja, a sare. Rawaya, ba a sani ba tukuna. Ya tsaya a gabanta ya daɗe, ya ce wataƙila Santsi ce da ta tsufa gindinta ya yi kauri, wataƙila kuma ba ita ba ce. Ya shafa mata rawaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da yaya a jami'a." Ya ce, "To yayarka ta ba ni takarda mai hatimi da ta faɗi ko wace ce, kafin ta yi fure. In fure ya buɗe ba takarda, ja ne."

Inna ta ce aikinki ke nan, kina ɗakin da ake ajiye busasshen ganye ana ba kowanne sunansa. Ga ganyenta nan na haɗo. Na zaɓi masu kyau daga ƙasa, na wanke su, na yayyafa musu ruwa na ɗaure a leda don su iso miki da ɗanyensu. Waya ba ta kamawa a nan, sai dai ki ba da amsa ta gidan waya, direban motar katako yana ɗauko mana duk mako biyu.

Furen zai buɗe nan da wata biyar, in na ƙirga daidai.

Ƙanenki,
Sannu-Sannu

*

Daga ɗakin ganye

Ƙanena,

Na amsa gaisuwa, kuma na tuna ka sarai, har da kujerun. Ka gaishe da Inna, ta dinga ɗaga ƙafar a kan matashi. Mu ma lafiya, sai Auta da tari ya sa a gaba.

Kai kuwa me na yi maka? A gaban Farfesa, shugaban ɗakinmu, na buɗe ledar nan. Sai da muka buɗe tagogi. Ya toshe hanci ya ce, "Wane ne ya aiko mana da miya?" Mako biyu a leda da ruwa, ai ba ganye ya iso ba, taɓo ne. Mu busasshe muke so. Ka shimfiɗa reshen tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da abu mai nauyi, kana sauya jaridar kullum har ya bushe ƙayau.

Kuma ganyen ƙasa ba ya faɗin gaskiya. Turare tana da ganyen yarinta da na girma, ba sa kama da juna. Na can sama muke so. Sannan ganye kaɗai ba ya ba da suna. Ka samo ƙullin furen da bai buɗe ba, da ƙoƙon irin bara in akwai saura, da guntun ɓawo na ƙasa da na sama. Ka haɗo da na Santsi, da na Kaushi in za ka samu ko a ina.

Farfesa ya karanta wasiƙarka sau biyu. Ya ce wanda ya rubuta wannan yana da ido. Ya ce kuma ka rage wasu ƙoƙunan ka shuka irin, ka kula da su sosai, mu ga abin da za su fito. Wannan ai sana'arka ce, ba sai na koya maka ba.

Ina sauri, ɗalibai na jira.

Yayarka

*

Daga gandun turare

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba Auta lafiya. Inna ta ce ki rage ba shi ruwan sanyi. Ƙafarta da sauƙi.

Na ji kunyar miyar nan ƙwarai. Ki ba Farfesa haƙuri. A wurinmu abin da ya bushe ya mutu ke nan, shi ya sa ban kawo ba a raina cewa akwai masu son busasshe.

Na hau ta ranar Lahadi da ba aiki. Baba Mai Zarto, tsohon da ke riƙe da injin yankanmu, shi ya riƙe mini tsani. Inda tsani ya ƙare na ci gaba da igiya. Wajen kaushin ba wuya, ƙafa tana samun wurin kamawa, amma daga inda ta koma santsi sai da na saɓule fatar cinya. Yana ƙasa yana ihu: "Ango, a hankali! In ka faɗo ba zan ce wa Inna amarya ce ta ture ka ba!" Tun ran nan duk leburori Angon Ta Kusurwa suke ce mini. Inna da ta ji ta ce gara haka, ko ba komai dai an ga na nemi wata.

Ga abin da na gani, ko zai yi amfani. Ƙullin furen Santsi yana da hula doguwa kamar ƙaho. Na Kaushi, da na samo a wata da ta rage a bayan tashar ruwa, tafiyar awa biyu, hularsa gajera ce mai ɗan baki kamar na buta. Na Ta Kusurwa yana tsakani, dogo amma ya yi ƙiba a gindi. Ƙoƙon irin Santsi ƙarami ne, haƙoransa a waje. Na Kaushi babba ne, haƙoransa a ciki. Nata babba ne kuma haƙoran sun ɗan leƙo. Ganyen Santsi fuska da baya launi ɗaya ne. Na Kaushi bayansa ya fi haske. Nata sai ka juya shi a rana kafin ka ga bambancin, amma yana nan. In ka murza, ƙanshin Santsi yana hawa hanci, na Kaushi yana zama a hannu. Nata ban san yadda zan rubuta shi ba.

Na busar da su a ƙarƙashin katifata, kwana goma sha biyu, ina sauya jarida safe da yamma. Kowane reshe na ɗaura masa takarda da zare don kada su cakuɗe.

Ƙoƙunan bara kusan duk sun zubar da irinsu. Ashirin da shida kawai na samu a rufe, na bi rassa ɗaya bayan ɗaya. Na aiko miki sha uku. Sauran sha ukun na shanya su a faranti suka buɗe, irin kamar garin barkono. Na yayyafa a akwati biyu, yashi mai laushi, na ajiye su a ƙarshen rumfa inda iska ba ta bugu. Kwana tara suka fara fitowa. Kada ki damu da su. Zan yi musu renon da ban taɓa yi wa wani tsiro ba.

Manaja ya tambaye ni takarda. Na ce tana hanya.

Ƙanenki

*

Daga gandun turare

Yaya,

Ina gaisuwa. Wannan ita ce mota ta huɗu da ta zo ba takardarki. Duk ranar da direba ya sauko ina tsaye, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ban sani ba ko kayan sun iso, ko na sake yin wani kuskuren ne kika ji nauyin faɗa mini. In haka ne ki faɗa kawai, ba na fushi. Ko jikin Auta ne? Inna tana ta tambaya.

Ƙullin furen ya fara kumbura. Hular ta sauya daga kore zuwa ruwan ƙasa. In ta fara tsagewa a gindi saura kwanaki.

Amma ina da labari mai daɗi game da tsiron. Sun fito fiye da ɗari uku, sai dai ban taɓa ganin akwati mai rikici irin wannan ba. Irin Santsi in ka shuka, kamar 'yan makaranta suke fitowa, kai ɗaya. Waɗannan kuwa kowa da halinsa. Wasu kara ja, wasu kore. Wasu karan mai kusurwa huɗu, wasu mulmulalle. Wasu ganye siriri kamar Santsi sak, wasu fala-fala kamar Kaushi sak, wasu kuma gajeru a murɗe kamar ba za su rayu ba. Mai Zarto ya leƙa ya ce, "Ango, 'ya'yan nan naka ba uba ɗaya ba ne."

Na ce a raina ba zan bari Farfesa ya ga wannan hargitsi ya ce ban iya aiki ba. Na yi musu yadda Baba ya koya mini: duk akwati sai an tsince bara-gurbi. Na tsinko ganyen yarinta daga gindin uwar na riƙe a hannun hagu, na bi su ɗaya bayan ɗaya da idona. Duk wanda ya karkata wajen Santsi na cire. Duk wanda ya karkata wajen Kaushi na cire. Murɗaɗɗun ma na cire. Kwana uku na yi a kai. Arba'in suka rage, masu kama da uwarsu, na juye kowanne a ledarsa na jera su layi huɗu. Da kin gan su sai kin yi murna, kamar an auna su da ma'auni.

Don Allah ko layi biyu ne ki rubuto.

Ƙanenki

*

Daga ɗakin ganye

Ƙanena,

Ka yafe mini shirun nan. Tarin Auta ya zama ciwon ƙirji, mako uku muka yi a asibiti. Yanzu ya tashi, alhamdulillahi, har ya koma ɓarna. Muna fitowa kuma aka shiga yajin aiki, aka rufe ginin da kayanka a ciki. Sai shekaranjiya na buɗe ƙunshin. Wasiƙarka ta hawan bishiya ita ce ta ƙarshe da na gani, in ka sake rubutowa ba ta iso ba tukuna.

Kai, Sannu-Sannu! Farfesa ya jera rassan uku a tebur, ya ɗauki madubinsa mai ƙara girman abu, ya kusa awa yana duba su. Da ya ɗago sai ya ce ɗalibansa na shekarar ƙarshe ba su taɓa kawo masa aiki mai tsabta haka ba. Duk abin da ka lura da shi haka yake. Yana ganin bishiyarka ruwa-biyu ce: ƙudan zuma suka ɗauko garin furen ɗaya suka kai wa ɗayar, ta fito da kanta. Ya ce bai san an taɓa rubuta irinta a wannan yanki ba.

Amma kama ba hujja ba ce. Hujjar tana cikin akwatunanka. In ruwa-biyu ce da gaske, 'ya'yanta ba za su fito kai ɗaya ba. Wasu za su koma wajen Santsi, wasu wajen Kaushi, wasu tsakani, wasu nakasassu. Wannan rarrabuwar ita ce shaidar. Saboda haka kada ka cire ko ɗaya, komai muninsa. Ka ƙirga kowane kashi ka rubuta, ka busar da biyar-biyar ka aiko. Da wannan a hannu Farfesa zai iya shigar da ita rajista da sunan iyayenta biyu, ya kuma nemi hukumar gandaye ta sa ta cikin bishiyoyin bincike, waɗanda ba mai ikon taɓawa.

Ka hanzarta. Ina jin daɗi kamar ni na hau bishiyar.

Yayarka

*

Daga gandun turare

Yaya,

Na gode Allah da Auta ya tashi. Ki shafa mini kansa.

Takardarki ta iso jiya. Na san yanzu tawa ma ta iso miki, kin ga abin da na yi.

A tsaye na karanta, a gefen motar. Da na kai wurin "kada ka cire ko ɗaya" sai na zauna a kan tayar da direba ya sauke. Ya ce, "Lafiya? Rasuwa aka yi?" Na ce a'a.

Na je ramin da muke zuba shara. Mako uku ke nan da na zuba su, an yi ruwa sau biyu a kai, an kuma ƙara wata sharar. Na tona da hannu har gwiwar hannu. Tsiro ɗan wata biyu ba ya barin komai, Yaya. Ƙasa ce kawai baƙa.

Adadinsu ma ban riƙe ba. Mu ba ma ƙirga abin da muka zubar. Zan iya rantsewa masu jan kara sun fi yawa, kuma murɗaɗɗun ba su kai talatin ba, amma na san rantsuwa ba ta shiga rajista.

Na sake hawa yau da safe. Ba sauran ƙoƙo rufaffe ko ɗaya. Sabon iri sai ta yi fure ta ɗaura, furen kuwa shi ne wa'adin. Sha ukun da na aiko miki, ko za a iya shuka irinsu a can? Ko ki maido mini su.

Ba laifinki ba ne. Kin ce in kula da su sosai, ni kuma kulawar da na sani ke nan. Shekara bakwai ina cire wanda bai yi kama da 'yan'uwansa ba, ana ce mini na iya aiki.

Hula ta fara tsagewa a rassan gabas.

Ƙanenki

*

Daga ɗakin ganye

Ƙanena,

Gaisuwa gare ka da Inna. Wasiƙunka biyu sun iso rana ɗaya. Na karanta ta farko na dafe kai, na karanta ta biyu na kasa cin abinci. Ni ya kamata in faɗa maka dalilin shukar tun farko. Ina sauri na rubuta rabin magana.

Ƙoƙunan da ka aiko ba za su fito ba. Duk abin da zai shiga ɗakinmu sai an gasa shi a akwatin zafi an sa masa maganin ƙwari, don kada ya kawo mana ɓarna cikin sauran. Ni da hannuna na sa su, ran da na buɗe ƙunshin.

Arba'in ɗinka, Farfesa ya ce ba za su tsaya shaida ba, tunda zaɓo su aka yi. Ba rajista ke nan a bana, ba kuma maganar hukuma.

Amma kada ka karaya. Na tsaya masa a ofis har ya rubuta wasiƙa a kan takardar jami'a, da sa hannu da hatimi. Ya rubuta cewa bisa ga ɓawo da ganye da ƙullin fure da ƙoƙon iri, wannan bishiya ba Santsi ba ce zalla, ba kuma Kaushi ba ce zalla, alamu sun nuna ruwa-biyu ce da ta samu da kanta, abu ne mai wuyar samu, kuma yana roƙon a bar ta har a ɗebi irin bana. Don kada a sake ɓata lokaci ban biyo da ita ta wurinka ba, na aika wa Manajanku kai tsaye da mota ta musamman. Ya ce yana son takarda mai hatimi, ga ta nan. Duk mai hankali in ya ga abin da ke cikin gandunsa zai yi alfahari.

Ka rubuto ka gaya mini yadda fuskarsa ta yi.

Yayarka

*

Daga gandun turare

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Mu lafiya. Ki yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba, na fara sau uku ina yagewa.

Takardar Farfesa ta riga taki isowa da kwana shida, don haka ban san da ita ba sai da aka kira ni ofis. Manaja ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yayarka ta cika alkawari. Ka gode mata." Ya juyo takardar ya sa yatsa a layi ɗaya: ba Santsi ba ce zalla.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasa ya ce a bar ta."

Ya ce, "Na gani. Roƙo ne. Na sama kuma shaida ce." Ya ce shi a ransa ya fi zaton tsohuwar Santsi ce, kuma da ba a kawo komai ba, ya yi niyyar ya yi mini faɗa ya mayar da fentin fari, don ya ga yadda na damu. Masu duba iri ma ba sa zuwa kusurwar. Amma yanzu takarda mai hatimi ta shiga fayil, akawu ya buga mata lamba. In suka zo suka ga jami'a ta ce akwai ruwa-biyu tana fure a filin iri kuma ya bar ta, za su soke irin shekarar duka, mutum talatin su zauna a gida. Ya ce, "Kai ne mai reno. In kai ne a kujerar nan me za ka yi?"

Na san amsar. Na tashi na fita.

Kada ki ce kin yi kuskure. Ni na roƙi takarda. Na zaci kowane irin suna aka ba ta zai tsare ta. Na rubuta miki dokar masu duba iri da hannuna, amma ni kaina ban tsaya na yi tunanin abin da za ta jawo ba.

Ranar Talata da safe aka yi. Furen rassan gabas ya riga ya buɗe, fari tas, ƙudan zuma har ana jin su daga hanya. Mai Zarto ya ce injinsa ba ya tashi. Ya ja igiyar ya kai sau goma yana kallon sama. Manaja ya ce, "Baba, hanyar mai ka rufe, buɗe ta." Ya buɗe. Bai kira ni ango ba ran nan, ba wanda ya kira.

Ni na hau na ɗaura igiyar ja, tunda ni na san hanyar hawanta. Mu shida muka ja ta wajen hanya don kada ta faɗa kan Santsi. Ta fi yadda muke zato nauyi. Da ta kwanta ƙudan ba su gudu ba, suka bi furen har ƙasa suka ci gaba da aikinsu, sai da muka jira rana ta yi zafi kafin a fara datsa rassan.

Cikinta ja ne kamar na Kaushi, amma ya tsage miƙe kamar na Santsi. Ba rami, ba gara, ko ɗigo. Ki gaya wa Farfesa, ko zai rubuta a gefen takardarta.

Arba'in ɗin an ce ba za su zauna a rumfa ba, kada su cakuɗe da na sayarwa. An juye su, an wanke ledojin.

Saura abu ɗaya. Turare in an sare ta ba ta mutuwa, kututturen yana tofowa. Shi ya sa a filin iri ake shafa masa maganin da ke kashe shi tun yankan yana ɗanye, kuma aikin mai reno ne. Manaja ya miƙo mini gwangwani da buroshi ya tafi ofis, bai ko waiwayo ba. Ina jin da gangan ya tafi. Leburori suka bi motar rassa. Daga ni sai Mai Zarto.

Ya matso ya rage murya ya ce, "Ɗana, shafa gefen hanya kawai, inda ido ke gani. Ka bar gefen daji. Kafin damina ta ƙare za ta fito."

Na daɗe a tsugune da buroshin a hannu. Na san za ta fito. Na san kuma shekara uku za ta yi ta kai fure, takardar tana nan a fayil da lambarta, a sake kiran mutum shida, a sake cewa wa ya san hanyar hawanta.

Na shafa duka, Yaya. Na bi da'irar ɓawon sau biyu, na cusa buroshin a kowace tsaga. Mai Zarto ya ɗauki injinsa ya tafi, har yau kuma gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Jiya mako biyar ke nan. Na je na duba. Ba ta tofo ba.

Ki gaishe da maigidanki da yara.

Ƙanenki,
Sannu-Sannu